Kwalbar Ƙarƙashin Cocin Hilda

Whinfold, 4 ga Maris, 1996

Yaya Wilfrid,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ka son a tambaya. Ina fata kana shafa maganin da na aiko maka, ba ka ajiye shi bisa tulin littattafai ba kamar na bara.

Ba da labari mai daɗi na zo ba. Jiya Lahadi, bayan an idar da addu'ar Mas, limaminmu Fada Keane ya ce kowa ya koma ya zauna, akwai takarda daga Bishop. Tun kafin ya buɗe ta gabana ya faɗi, don sai da ya cire tabarau ya goge har sau biyu. Za a rufe cocinmu na Waliyyiya Hilda a ƙarshen watan Yuni. Mu za a mai da mu sabon cocin nan na bakin titi, mai kama da garejin mota. Filin kuwa wani kamfani zai karɓa, ya rushe ginin, ya dasa gidajen haya.

Mu talatin da ɗaya ne a ciki, kuma ba wanda ya motsa. Sai matar Mista Bamber ta ɗaga murya ta ce, “To Fada, mu da jana'izarmu ta kusa, a garejin za a shimfiɗe mu?” Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba.

Yaya, shekara ashirin da shida makullan cocin nan suna jakata. A ciki aka yi mana baftisma ni da kai. A ciki na auri Denis, daga ciki kuma aka fitar da gawarsa, bayan ta Baba da ta Mama. Idan suka rushe shi ban san inda zan dosa da safe ba.

Hanya ɗaya ta rage. Fada ya ce idan hukumar adana gine-ginen tarihi ta sa cocin a rajistarta, ba mai ikon cire ko da bulo ɗaya. Amma ba sa sa gini don kawai tsofaffi suna sonsa, sai da dalili. Mu kuwa dalilinmu a hannu yake, tunda kowa ya san Gervase Thornber ne ya zana cocinmu, kuma duk ginin da aka tabbatar nasa ne hukumar ba ta bari a taɓa. Na tattaro littattafai biyar da suka faɗi haka, har da naka mai babi guda sukutum a kan tagoginmu na arewa.

Ga abin da nake so. Ka rubuta wa hukumar wasiƙa, ka sa hannu. Wadda za su turo ta duba ginin sunanta Dakta Pryce, an ce ɗalibarka ce a da. Duk ƙasar nan ba wanda ya kai ka sanin Thornber, kai ma ka sha faɗa mana hakan a kan teburin Kirsimeti. Yau ga ranar amfaninsa ta zo.

Ka amsa da wuri. Abinci ma ba ya shiga cikina.

Ƙanwarka,
Ursula

York, 11 ga Maris, 1996

Zuwa ga Ursula,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, kuma na yi baƙin cikin abin da ta ƙunsa. Gwiwa da sauƙi, na gode.

Ya kamata ki san yadda al'amarin Thornber yake. Ofishinsa ya ƙone bayan rasuwarsa, zane-zanensa da yawa sun tafi a gobarar. A cikin majami'u da makarantu da gidajen sistocin coci sama da sittin da ake dangantawa da shi, waɗanda aka samu takardarsu ba su kai rabi ba. Masana sukan kasa su gida uku: waɗanda aka tabbatar, waɗanda ake kyautata zato, da waɗanda aka jingina masa don sun yi kama da aikinsa. A wancan zamani duk limamin da ya gina coci mai tsinin taga yakan so a ce Thornber ne.

Shawarata ita ce kada ku ɗora roƙonku duka a kan suna. Ku yi maganar tsufan ginin da tarihin masaƙan garin. Game da wasiƙar kuwa, ina ganin bai dace ta fito daga gare ni ba, kasancewata ɗan garin. Za a ce son kai ne.

Ki riƙa cin abinci.

Yayanki,
Wilfrid

Whinfold, 21 ga Maris, 1996

Yaya Wilfrid,

Ina gaishe ka, ko da yake raina a ɓace yake. Na rubuto maka ina kuka, ka amsa mini kamar kana duba jarrabawar ɗalibi. Gida uku! Ni gida ɗaya na tambaye ka, a wanne namu yake? Wannan ka yi mini kunnen uwar shegu.

Dakta Pryce ta zo ranar Talata. Mace ce mai hankali, ba ta da yawan magana, takalminta duk taɓo. Na dafa mata shayi a ɗakin ajiyar kayan Fada, na jera mata littattafan nan biyar ina ji da kaina. Ta buɗe na farko, ta duba ƙasan shafi, ta ce wannan daga na biyu ya ɗauko. Na biyu daga na uku. Haka ta yi ta bi da yatsa har ta dire a kan ɗan littafin bikin cika shekara ɗari, na 1957, mai shuɗin bango, wanda ka rubuta kana saurayi.

Ta ce, “Misis Cottam, ba shaidu biyar gare ki ba. Mutum ɗaya ne ya yi magana, huɗu suka maimaita.”

Na ce, “To ai mutum ɗayan malaminki ne.”

Ta ce, “Shi ya sa nake son in san inda ya samo. Shi ya koya mini kada in yarda da littafi sai na ga takardar da ke bayansa.”

Na tattara littattafan. Za ta dawo ranar sha ɗaya ga Afrilu, Alhamis bayan Ista, daga nan za ta rubuta rahotonta. Ta ce in nemo ko da layi ɗaya ne da aka rubuta a lokacin ginin.

Ban zauna ba. Jiya na wuni a laburaren gari ina juya tsofaffin jaridu a na'urar nan mai sa jiri, har mai tsaron wurin ta kawo mini ruwa. Kuma na samu, Yaya. Jaridar Agustan 1857 ta ba da labarin ranar da aka aza harsashi. Bishop ya shafa kwaɓin siminti da cokalin gini na azurfa, aka kuma sa kwalba a ramin dutsen harsashin kamar yadda aka saba, da takardar fata a ciki mai sunan Paparoma da na Sarauniya da na wanda ya zana ginin da na magina. Mai jaridar bai kawo sunayen ba. Ya ƙarar da sauran filin yana ƙorafin cewa Katolika sun tare hanya.

Ka san dutsen, mai ɗan gicciye a ƙasan bangon gabas, wanda Baba yake shafawa duk lokacin da za mu wuce. Fada ya yarda a buɗe. Mista Bamber ya ce ko da yake ya ajiye aikin gini shekara goma, hannunsa bai manta ba, zai zare dutsen ya mayar ba wanda zai gane. Talata mai zuwa za mu yi.

Ya kamata in yi murna, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini akwai kwalba ba? Kai da ka san adadin ƙusoshin ƙofar Thornber, ba za a ce wannan ta wuce ka ba.

Ƙanwarka da ke jiran amsa,
Ursula

York, 25 ga Maris, 1996

Ursula ƙanwata,

Ina gaishe ki. Kwana uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Idan ta iso ki kafin ku taɓa dutsen, ina roƙonki ku bar shi yadda yake.

Na san da kwalbar. Na karanta jaridar nan tun kafin ki yi aure. Ban taɓa neman a buɗe ba don ina tsoron abin da ke ciki.

Kin tambaye ni a wane gida cocinmu yake. A na uku yake. Ni na jingina wa Thornber shi.

A 1957 ina da shekara ashirin da huɗu, na dawo daga jami'a kaina ya cika da iyayi. Marigayi Fada Molloy ya ce in rubuta ɗan littafin bikin. Na duba ko'ina ban ga sunan mai zane ba. Amma tagoginmu da bakan ƙofarmu sun yi kama da na cocin Thornber da ke Preston kamar an tsaga kara, sai na rubuta cewa mai yiwuwa aikinsa ne. Fada Molloy ya ɗauki alƙalami ya soke kalmomin nan biyu a gabana. Ya ce, “Ɗana, ba a bikin shekara ɗari da mai yiwuwa.” Ban hana shi ba. Gaskiya ma na ji daɗi.

Akwai abin da ya fi wannan. Ke kina wurin aiki a masaƙa ranar. Ina rubutu a teburin kicin, Baba yana shan shayi, ya leƙo ya ce, “Ka sa cewa kakana Thomas ne ya gina shi.” Na yi dariya, Ursula. Na ce, “Baba, kakanka ya ɗauki dutse kamar kowa. Mutumin da bai iya rubuta sunansa ba, ina shi ina zana irin tagogin nan?” Ya dube ni, ya ajiye kofin, ya ce, “To, ai kai ka yi karatu.” Daga ranar bai sake ɗaga maganar ba har ya rasu.

Bayan haka wani ya kwafa daga ɗan littafin, wani ya kwafa daga gare shi. Da na zo rubuta babban littafina sai na kafa hujja da su, alhali ni ne tushensu. Na yi shekaru ina neman layi ɗaya da zai wanke ni. A 1983 na samu kundin da Thornber yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, a hannun wata jikarsa. Duk shekarar 1857 yana Ireland yana gina wa wasu sistoci gida, bai tako Lancashire ba, sunan Whinfold bai fito ko sau ɗaya ba. Na rufe kundin na mayar mata, na yi shiru. A lokacin an riga an ba ni kujerar farfesa.

Muddin kwalbar tana rufe, akwai shakka, shakka kuma tana iya ceton gini. Idan aka buɗe, ban san abin da zai rage miki ba.

Ki yafe mini in kin iya.

Wilfrid

Whinfold, 27 ga Maris, 1996

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta zo yau da safe. Dutsen kuwa jiya muka zare.

Fada bai samu tsayawa ba, an kira shi asibiti wurin wata mara lafiya, saboda haka daga ni sai Mista Bamber, ana yayyafi. Ya yi awa biyu yana sassaƙe simintin gefe yana mita. “Wanda ya ɗora dutsen nan bai yi niyyar a ciro shi ba, Allah ya ji ƙansa, mugu.” Da dutsen ya fito ya zura hannu har kafaɗa, sai ga kwalba koriya, an toshe bakinta da kakin zuma. Muka shiga da ita ciki, ya fasa kakin da wuƙarsa a kan bencin baya.

Takardar ta fito lafiya lau, kamar bara aka naɗe ta. Sama Latin ne, na tsallake. Ƙasa kuma ga abin da aka rubuta, na kwafo maka harafi da harafi:

“Tsarin ginin na Thomas Gornall ne, magini, ɗan wannan gari, wanda ya taka da ƙafa zuwa Preston sau uku ya auna cocin Mista Thornber da igiya, domin ba mu da halin ɗaukar mai zane. Bai iya rubutu ba, ya roƙa a sa guntun igiyarsa a madadin sa hannu.”

Daga nan sai sunayen masaƙa ɗari da arba'in da ɗaya, maza da mata, waɗanda suka yi alkawarin ɗauko dutse daga tudu bayan an tashi daga aiki. Akwai Bamber uku, akwai Cottam, dangin Denis.

Igiyar tana nan, Yaya. Ta rama ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, da ƙulli huɗu. Mista Bamber ya juya ta a tafinsa, ya ɗaga kai ya dubi tagogin arewa, sai ya fashe da dariya har da tari.

Na ce, “Lafiya?”

Ya ce, “Yayan nan naki ba shi ya rubuta cewa Thornber ya tsuke tagogin arewa da gangan ba, wai don haske ya ragu mutum ya nutsu?”

Na ce shi ne, babi guda.

Ya ce, “Igiyar rama ce, yarinya. In ta jiƙa takan tsuke. Bangon kudu da rani ya auna shi, na arewa cikin ruwa. Kakana ma ya taɓa yin wannan ɓarnar a wani rumbu, har ya mutu ana tsokanarsa.”

Ni ma na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini. Shekara nawa ina ganin Baba yana shafa dutsen nan, ina zaton jiri ne yake ɗibarsa.

Da na karanta wasiƙarka na so in tsane ka, na kasa, don tsoro bai bar mini wuri ba. Mista Bamber ya mayar da dutsen ya ce, “Ni idona ya mutu, ban ga komai ba sai abin da kika ce na gani.” Na gaya wa Fada cewa sai takardar ta sha iska kafin a warware ta. Ƙarya na yi wa limami ana saura kwana kaɗan Makon Tsarki na kafin Ista. Kwalbar tana kabad ɗina bayan gwangwanin fulawa, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi.

Idan na nuna wa Dakta Pryce, Thornber ya fita, dalilinmu ya bi shi, sunanka ma haka. Idan na ɓoye, na sake binne kakan Baba da hannuna. Saura mako biyu. Kai ka yi karatu, gaya mini yadda zan yi.

Ursula

York, 30 ga Maris, 1996

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da kika kwafo mini kalmomin. Na karanta su har na haddace. Igiya. Shafi goma sha tara na rubuta a kan tagogin nan.

A cikin ambulan ɗin nan akwai wata takarda, zuwa ga hukumar, da sa hannuna. A ciki na ce bisa binciken shekara arba'in na tabbata cocin Waliyyiya Hilda aikin Gervase Thornber ne, kuma na taɓa ganin zanen a hannun iyalinsa kafin ya ɓace. Dakta Pryce za ta yi shakka, amma ba za ta ƙaryata ni a rubuce ba, sauran 'yan kwamitin kuma da littafina suka yi karatu. Wannan zai wadatar.

Ki ce wa Fada danshi ya cinye rubutun. Ki sa Bamber ya mayar da kwalbar inda take. Ta yi shekara ɗari da talatin da tara tana jira, za ta iya ƙara wasu, kuma ba za ta samu inda za ta jira ba idan aka rushe bangon. Thomas ya gina cocin ne don ya tsaya. Ban yi zaton ya damu da wanda za a yaba ba.

Na ƙwace wa Baba abu ɗaya da bakina. Ba na son gaskiyar da na makara da ita ta ƙwace miki coci. Laifin ƙaryar a wuyana yake, ke miƙawa kawai za ki yi.

Allah ya ba ki Ista mai albarka.

Yayanki,
Wilfrid

Whinfold, 12 ga Afrilu, 1996

Yaya Wilfrid,

Ina gaishe ka. Ga takardarka na mayar maka, ba wanda ya gan ta sai ni.

Jiya na fita da ita da kwalbar duka a jaka, har na kai ƙofar coci ban san wadda zan ciro ba. Da na zo wucewa ta bangon gabas sai na ga hannuna a kan dutsen, ban san lokacin da na miƙa shi ba. Kwalbar na ba Dakta Pryce.

Ta karanta takardar ciki sau biyu. Ta ce, “Kin san abin da wannan zai iya jawo muku?” Na ce na sani. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, cocin da ba shi da babban suna ba kasafai yake shiga rajista ba, amsa sai watan Mayu. Amma ta nemi in ba ta igiyar ta riƙe, ta kuma daɗe a tsaye gaban tagogin arewa har shayinta ya huce.

Na gaya wa Fada komai. Ya yarda jibi Lahadi a karanta sunayen da ke cikin kwalbar bayan Mas, ɗari da arba'in da biyu. Zan karanta duka ban da na farko, na Thomas. Wannan kai za ka faɗe shi, da ƙarfi, a gaban mutane.

Jirgin ƙasa na Asabar yana isa Preston ƙarfe huɗu, Mista Bamber zai ɗauko ka. Kada ka ce mini gwiwa. Kakan Baba da ƙafa ya je Preston, sau uku.

Ƙanwarka,
Ursula